Famfon da Ke Jikin Katanga

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba. Talata ce, a tsakiyar watan Maris, ƙarfe goma da rabi na safe, a ofishinmu na kula da gidajen haya a nan Minna. Mu uku ne a ɗakin: ni, da manajanmu Malam Isiyaku, da Mama Ladi, 'yar hayar gida mai lamba tara. Na huɗunmu mai gidan ne, Alhaji Bawa, yana Abuja, muryarsa kawai muke ji ta wayar da aka ajiye a kan tebur.

Ga wanda bai san aikin ba, mai gida ne ke damƙa mana gidansa, mu nemo ɗan haya, mu rubuta yarjejeniya, mu riƙa zuwa dubawa sau biyu a shekara ko idan an kawo ƙara. Ni ne jami'in duba gidaje. Daga gidan rediyo na dawo wannan aiki, shi ya sa 'yan haya ke kirana Mai Labarai.

Gidan yana cikin wani rukunin gidajen masu hali da ke kan hanyar Bida, mai get ɗaya da masu gadi da ƙungiyar mazauna. Lamba tara shi ne na ƙarshe, katangarsa ta baya ita ce iyakar rukunin. Bayanta akwai unguwar leburori da 'yan acaba da manoman da tun asali gonakin iyayensu ne aka yanka aka gina rukunin a kai. Ba su da famfo, sai rijiyoyi.

Mama Ladi tsohuwar ungozoma ce 'yar Kuta, Hausarta ba ta cika raba namiji da mace ba, ta yi ritaya daga asibiti. Shekararta takwas a gidan, kuma a cikinsa mijinta ya rasu. Ba ta taɓa jinkirta kuɗin haya ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka maganar kuɗi ce.

A farkon Fabrairu rijiyoyin bayan katanga suka ƙafe. Mata suka fara zagayowa ta get da jarkoki, suna ɗiban ruwan bohol a gidan Mama Ladi. Shugaban ƙungiyar mazauna, wani tsohon darakta da ke gida mai lamba takwas, ya rubuto mana ƙara cewa baƙi na yawo a layi. Aka tura ni ranar wata Juma'a.

Na same ta a tsakar gida tana riƙe wa wata mata tiyo.

"Mai Labarai! Labarin duniya ka kawo ko na gida?"

"Na gida, Mama. Maƙwabta sun kawo ƙara."

"Darakta ne," ta ce. "Shi kullum yana wanke mota uku, har wanda ba ya tashi. Ni yarinya ya zo da bokiti, ciki wata takwas, in ce masa babu? Ni na karɓi haihuwansa fa."

Na zagaya gidan, na duba tanki, na duba katanga. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ji daɗin kaina. Na ce mata ai get ne damuwarsu, ba ruwa ba. A huda katangar baya, a fitar da bututu, a sa famfo ta waje. Mata su ɗiba daga can, babu mai sake taka layin Darakta.

Ta ce, "Alhaji fa?"

Na ce, "Ƙaramin abu ne, Mama. Ni zan yi masa bayani."

Sashe na sha ɗaya na yarjejeniyarmu ya ce ɗan haya ba zai huda, ko ya rushe, ko ya ƙara wani gini ba sai da izinin mai gida a rubuce. Na san sashen, domin ni nake karanta wa sababbin 'yan haya shi. Niyyata in rubuta wa Alhaji da zarar na koma. Daga can na wuce masallaci, ranar Litinin kuma rufin wani gida ya ɗauke mini hankali. Abin da na sa a fayil layi ɗaya ne: an tattauna da 'yar haya, an sami mafita.

Ta kira mai gyaran famfo, aka yi aikin cikin yini guda. Mata suka daina shigowa. Amma layin jarkoki ya koma bayan katanga tun asuba, da hira da dariya da kukan goyo, daidai tagar ɗakin Darakta. Makonni huɗu bayan haka aka sace batirin janareto a wani gida a rukunin. Ba a kama kowa ba, babu kuma abin da ya haɗa satar da masu ɗiban ruwa. Darakta ya ɗauki hoton bututun ya aika wa Alhaji kai tsaye, ya ce an mayar da katangar rukuni kasuwa, ɓarayi na fakewa a cikin masu jarka.

Wannan ne ya tara mu ranar Talatar.

"Madam," in ji Alhaji ta waya, "ba na hana sadaka, ni ma ina yi. Amma katangata ce. Wa ya ba ki izinin huda ta?"

Mama Ladi ta juyo ta dube ni.

Malam Isiyaku ya ce, "Malam Haruna, kai ka je gidan. Ofishin nan ya ba da izini?"

Gidaje huɗu na Alhaji ne a hannunmu. Na san in na ce ni ne, zai kwashe su gaba ɗaya, ni kuma in bi su, ga shi ba a daɗe da sallamar mutum biyu a ofishin ba. Duk wannan ya gitta mini kafin in buɗe baki. Na ce:

"Ranka ya daɗe, babu izini a rubuce a cikin fayil."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar. A rediyo an koya mana kada mu faɗi abin da ba haka yake ba. A can kuma na koyi cewa abin da ka tsallake, mai sauraro ba zai san an tsallake shi ba. Sai dai a ɗakin nan akwai mutum ɗaya da ta sani.

Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "To. Mai Labarai ya karanta labari."

Alhaji ya ce a ba ta notis. Mai hayar shekara, wata shida ake ba shi ya tashi, in bai tashi ba a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Da yamma na shiga wurin Malam Isiyaku na gaya masa gaskiya. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Da safe ake wannan magana, Malam Haruna. Yanzu Alhaji ya riga ya gaya wa Darakta. Kada in sake jin ta."

Ƙa'ida ce jami'in da ke duba gida shi ke kai notis, a sa masa hannu a kwafi. Ranar Alhamis na kai. Rana ta take sosai. Ta karanta takardar har ƙarshe, ta sa hannu, ta shiga ciki ta fito da kofin ruwa.

"Sha," ta ce. "Wannan ma babu takarda, amma sha."

Na sha. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ɗana, kana da yara, na sani. Ni da bakinka na yi aiki, don a Kuta in babba ya ce yi, an gama. Abu ɗaya nake roƙo. A bar famfo har ruwan sama ya sauka."

Wannan karon na rubuta wa Alhaji, a ranar, shafi guda cif. Amsa ta dawo, ita ma a rubuce: a toshe kafin ƙarshen wata. Ni na tsaya a kan magini yana cusa siminti. Ta ɗaya gefen ina jin ana ɗaga jarkoki ɗaya bayan ɗaya.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, duk abin da kuka faɗa a ƙofar ɗan haya, ku rubuta shi kafin ku tayar da babur. Mutanenmu da baki suke yarda, ofis kuwa takarda kawai ya sani, kuma jami'in duba gidaje ne kaɗai ke tsaye a tsakani. In ya yi shiru, ba shi ke kwashe kaya ba.

Ruwan farko ya sauka makonni uku bayan toshe famfon. Mama Ladi ba ta jira takardar kwana bakwai ba. A watan Agusta ta koma ɗaki biyu a unguwar Kpakungu, kusa da 'yarta, inda ita ma take sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Gida mai lamba tara ya zauna babu kowa har damina ta zagayo. Har yanzu ni nake duba shi, kuma wurin da aka toshe ya fi sauran katangar duhu.