Saiwar Malam Na'Allah

A Fakku, in shawara ta kama mutum idonsa ya yi ɗorawa, gidan Malam Na'Allah ake nufa. Shekara talatin yana jiƙa wata saiwa da ya gada wurin mahaifinsa. Yana da al'ada ɗaya: ba ya miƙa wa kowa magani sai ya kurɓa a gabansa. Mu kam har tsiya muke masa, cewa ya fi majinyatan shan maganin.

'Yarsa Mu'minatu tana aiki a ɗakin binciken wata jami'a, inda ake ba ɓeraye sinadari hantarsu ta kumbura, sannan a gwada abin da zai warkar da ita. Shi da kansa ya ɗaure mata saiwar, yana cika baki wai turawa ma su zo su koya.

Bayan wata huɗu ta dawo.

"Mi kinka gani, ɗiyata?"

"Baba, ɓerayen da munka ba saiwag ga sun fi sauran lalacewa."

"Ni da nika shan ta kullum?"

"Kurɓi guda kaka yi, Baba. Majinyatanka ko kwano ukku a yini, har mako biyu."

Ta nuna masa hotuna a waya. Mutumin da ya fi shekara arba'in yana feɗe ragon layya ba ya bukatar a gaya masa yadda lafiyayyar hanta take. Ya daɗe yana kallo.

Da ni ne, wallahi da na daina sayarwa shiru, a rufa asiri. Malam ranar kasuwar Kebbe ya tsaya ya faɗa da bakinsa cewa saiwar na lalata hanta, wasu na dariya, wasu na cewa boko ya cinye masa 'ya. Sannan ya hau babur ya bi waɗanda ya tuna ya ba saiwar gida-gida, don kada wani ya ajiye saura. Ban taɓa ganin girmansa kamar lokacin ba.

A Jabo ya yi sallama gidan wani Atiku da ya ba magani bara. Matar ta amsa daga bayan zana, ta ce mai gidan ya rasu tun da kaka.

"Akwai sauran saiwar?"

"Babu, Malam. Ya shanye ta duka, yadda kac ce."

Ya zauna a ƙasa ya yi masa addu'a, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa, sai ya tambaye ta hanyar gidan Siddiƙ, wanda shi ma ya ba saiwar.