Mai Hannu Takwas na Thorkild Bjerre

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris na bana, Allah ya karɓi ran surukina Thorkild Bjerre, tsohon mai gyaran taru a bakin tekun Thyborøn, bayan doguwar jinyar huhu. Ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Fasto ya nemi ya rubuta wannan ta'aziyya a madadin iyali, na ce a'a. Ni, Preben Krogsgaard, shugaban jirgin kamun kifi, mijin 'yarsa Solvej, wanda ya bar makaranta yana yaro ya shiga teku, ya kuma kammala ajin manya na koyon rubutu a bara, ni ne ya dace in rubuta, da hannuna, komai daɗewar da zan yi a kai.

Baba, zan yi magana da kai kai tsaye, domin akwai tambayar da ka yi mini wadda ba ka tsaya jin amsarta ba.

Ka san yadda jikarka Dagny ta zo duniya bakwaini, saura wata biyu lokacinta ya cika, huhunta bai nuna ba. Aka saka ta a kwalba a sashen jarirai na babban asibiti, aka zura mata siririyar roba a hanci domin iska. Yarinyar nan ba ta kai nauyin kifi ɗaya mai kyau ba, amma hannunta bai san hutu ba. Da ta laluba ta ji robar, sai ta fizge. Ƙararrawa ta ɗauki kuka, leɓɓanta su yi shuɗi, ma'aikatan jinya su rugo, ni da uwarta a tura mu gefe. Na bi da maza cikin guguwa ban taɓa rasa abin yi da hannuwana ba, sai a ɗakin nan.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gaya mana cewa akan saƙa wa irin waɗannan jarirai 'yar tsana mai siffar dabbar tekun nan mai hannu takwas. Hannayen a murɗe suke kamar igiyar cibiya, jariri ya kama su ya ƙyale roba. Sai dai nasu sun ƙare, kuma ƙungiyar matan da ke saƙawa ba za ta kawo wasu ba sai an jima. Da na kawo maka labarin, kana zaune da taka robar a hanci da tukunyar iskarka a gefe, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Ka ce, “To ai ni da ita sana'armu ɗaya, roba a hanci. Kai malam marubuci, daina tsayuwa a kaina kamar fitilar bakin teku, je ka sayo mini zare.”

Na ce, “Baba, wannan fa ba taru ba ne.”

Ka ce, “Na kama mai hannu takwas tun kana cikin tsumma. Kai ko zana shi ba ka iya ba.”

A nan takaicina ya fara, kuma ba zan ɓoye shi don ana makoki ba. Na farko da ka saƙa, matan ƙungiyar suka mayar, wai ulu ne, zaren auduga ake so, kuma akwai ramukan da yatsan jariri zai iya shiga. Na biyu, wai hannayen sun yi tsawo, za su iya naɗe mata wuya. Na uku bai da aibi ko ɗaya a ido, amma shugabarsu ta kai shi hanci ta ce warin taba yake. Na tsaya a gabanta na bayyana mata ko wane ne kai, da yawan jiragen garin nan da suka ci abinci da tarunka. Ta saurare ni har ƙarshe, ta miƙo mini shi. Na dawo ina huci, ina jiran ka taya ni faɗa. Sai ka sunsuna abin, ka ce, “Matar nan tana da hanci.” Ka buɗe taga ka jefar da lofen tabarka cikin teku. Likitoci sun yi shekara ashirin suna roƙonka haka ba ka ji ba.

Ma'aikatan asibiti ba su taɓa barin ka ka shiga wurin Dagny ba, saboda tarinka. Na san dalilin, an yi mini bayaninsa fiye da yadda nake bukata, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma duk Lahadi bayan coci sai ka bi ni doguwar tafiyar zuwa can, ka zauna a mota a harabar asibiti, da gorar kofi da burodi da busasshen kifi, kwarashi a hannu, kana kallon tagar hawa na uku. Idan na sauko ka tambaye ni sau nawa ta fizge yau, in faɗa maka, ka ce, “'Yar gidan Bjerre ce, ba a sa mana linzami.” Sannan ka tura wa Solvej abincin, ka ce in tsaya a kanta sai ta cinye.

Na huɗu ka saƙa shi a kan gado, kana yi kana hutawa. Matan ƙungiyar suka karɓa. Na ce to su ba ni in kai da kaina yanzu. Suka ce sai an wanke da ruwan zafi, an rufe a leda, a haɗa da sauran a aika ranar da aka saba aikawa. Na ce mutumin da ya saƙa ba shi da wannan lokacin. Suka ce suna ba ni haƙuri, amma haka tsarin yake ga kowane jariri. Ranar Litinin da yamma ka kama hannun rigata ka ce, “Ta kama?” Na ce, “Ba tukuna, Baba, yana hanya.” Solvej ta ce da na ce maka ta kama. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ko a kan nauyin kifi, kuma ban ga yadda zan fara a ranar ba. Ka rasu Talata. Saƙon ya isa asibiti Alhamis.

To ga amsarka, na rubuta ta yadda ba za ta goge ba. Ta kama, Baba. Ina tsaye aka sa mata shi a kwalba, ta laluba, ta wuce robar, ta damƙe hannu ɗaya daga cikin takwas ɗin, har yau ba ta yarda a karɓe. Ba zan ce ta warke ba, har yanzu tana kan iska, likita kuma ba ya alkawari. Amma ƙararrawar ta rage kuka, uwarta ta fara barci. Ukun da aka mayar na saka maka su a akwatin gawarka, fasto bai hana ba, da ma ban tambaye shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Gudrun, da ɗanka Ejvind, da matata Solvej wadda ta bar kabarin uba ta koma gaban kwalbar 'ya a rana ɗaya, da dukan masuntan garinmu. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya hutar da ƙirjinka daga wahalar da ya sha. Allah ya ba mu haƙurin da ni dai ban samu ba tukuna. Numfashin da ya ƙare maka kuma, Allah ya cika wa Dagny nata, ya raya ta har ta iya karanta wannan da kanta. Amin.