Kofin Ruwan Randar Hajiya

Rijiyar gidanmu a Gwammaja kakanmu ne ya haƙa ta. Bayan rasuwarsa kakarmu Hajiya ba ta taɓa hana kowa ɗiba ba, takan ce ladan yana iske shi har kabari.

Ina ƙaramar sakandare Umma ta samu juna biyu. A wajen awo aka ce sukarinta ya hau, irin wanda ke kama masu ciki. Daga baya ma'aikatan lafiya suka ɗebi ruwanmu a kwalba, suka dawo suka ce akwai arsenik a ciki, wata guba da ba ta da launi ko ɗanɗano, tafasawa ma ba ta raba ta da ruwa. Ba su ce lallai ita ta jawo ciwon ba, amma sun ce tana iya ƙara haɗarinsa. Umma ta koma ruwan leda. Hajiya kuwa ta ce ruwan da ya raini 'ya'yanta ba zai zama guba yau ba. Ta hana a faɗa wa maƙwabta, ta ci gaba da cika randarta.

Wata Asabar da hantsi amaryar maƙwabcinmu ta shigo gaisuwa. Na lura sai da ta dafa bango ta zauna, zobenta kuma ya matse mata yatsa. Na gane ita ma juna biyu gare ta. Hajiya ta ce in kawo wa baƙuwa ruwan randa.

A gidanmu yarinya ba ta ambaton ciki a gaban manya, balle ta musa wa kakarta. Na ɗebo ruwan. Na durƙusa, amarya ta miƙo hannu, sai na saki kofin. Zanenta ya jiƙe, tabarma ma haka.

"Boko ta cinye miki hannu ne?" in ji Hajiya. "Koma ki ɗebo wani."

Na kasa tashi. Amarya tana matse zani tana cewa ba komai, ni kuwa idona na kan kofin, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Umma ta ɗaga labule ta fito da ruwan leda a faranti. "Sha wannan, ƙanwata. Na rijiyar an ce bai dace da irinmu ba."

Hajiya ta ɗauki carbinta, ta yi ta ja har baƙuwa ta tafi.

Da la'asar Hajiya ta ce in jawo tsohon kwanon rufi in rufe bakin rijiyar, in danne da dutse. Ba ta dube ni ba, ni ma ban iya ɗago kai ba.