Lambar da na danna a hanyar Garu

Yayana ɗan banga ne. Shi ya sa wa wayata lambobin sirri biyu, ɗaya ta buɗe ta, ɗaya ta goge komai.

Ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Garu, dangin 'yan banga suke nema. Wani ya daka min tsawa, "Ke, mi kike jira? Buɗe wayar!" Hotunan yaya da kakinsa suna ciki. Na danna ta biyun. Ya duba, bai ga komai ba, ya wurgo min ita.

Sai da muka iso Illela na tuna da saƙonnin muryar marigayiya Innata. Ni kaɗai ke da su. Da na ba yaya labari ya ce na kyauta, ni kuwa wallahi sai duba wayar nake yi, ko ɗaya bai rage ba.