Baba Kafinta da Teburin Doguwa

Shekara ashirin da shida na yi ina buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare, kuma takardun kora da suka fito daga tafiretata sun fi yadda nake son tunawa. Ba zan ce duk zalunci ba ne. Wasu yaran sun ja wa kansu. Amma ba labarina zan bayar ba, na kafintan makarantar ne, wanda kowa yake kira Baba Kafinta.

Gajere ne, bai wuce firamare ba, kunnensa na hagu ba ya ji, kuma kullum da fensir a maƙale a bayan kunnen. Yakan ce tunda kunnen ya ƙi aikinsa, ai sai a ba shi wani. Ɗakin aikinsa yana can bayan azuzuwa, cike da karyayyun kujeru da gwangwanayen tsofaffin ƙusoshi.

Muna da wata doka a lokacin. In ɗalibi ya lalata kayan makaranta da gangan, sai kafinta ya duba ya rubuto ko abin yana gyaruwa. In yana gyaruwa, a dakatar da yaro mako biyu. In ba ya gyaruwa, kora ce. Baba Kafinta kuwa ba ya rubuta komai sai wanda ya yi ɓarnar ya zo sun gwada gyaran tare. Ba ya tambayar yaro me ya faru. Guduma zai miƙa masa ya ce ya miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi. Wai bakin yaro ba ya buɗewa sai hannunsa ya samu abin yi.

Wata shekara, saura mako shida a fara jarrabawar ƙarshe, aka kawo mana sabuwar malamar lissafi, yarinya ce ƙarama, aikinta na farko ke nan. A ajin ƙarshe akwai wata ɗaliba da ake kira Doguwa, marar surutu. Kwana uku ba ta kawo aikin gida ba. Malama ta tsayar da ita a gaban aji ta ce, "Gobe ki zo min da mahaifiyarki, in ji ko ita ta ce ki daina karatu."

Uwar Doguwa ta rasu kwana goma sha biyu kafin nan. Duk malamai sun sani, amma babu wanda ya tuna ya faɗa wa sabuwar. Doguwa ta ɗaga teburinta ta maka da bango. Saman teburin ya rabe biyu, ƙafa ɗaya ta yi tsalle ta fasa wa Malama yatsa.

Kafin a tashi, takardu biyu aka ce in buga. Shugabar makarantar ta ce in shirya ta korar Doguwa. Malama kuma ta shigo ta ce in buga mata ta ajiye aiki, ita ba za ta ƙara tsayawa gaban aji ba. Na buga duka biyun na sa a aljihun tebur. Aikina ke nan.

Na ga teburin da idona, itacen girki ne kawai. Na ce wa Baba Kafinta, "Malam, wannan karon rubuta gaskiya."

Ya juyo min da kurman kunnen ya ce, "Me kika ce, Sakatariya?"

"Ka ji ni sarai."

"Ba ni kwana uku."

Shugaba ta yarda da ƙyar. Kwana biyu Doguwa tana ɗakinsa tana goge katako. A rana ta uku ya zo ofis ya tarar da Malama tana jiran takardarta. Ya ce, "Malama, taimaka min da hannu ɗaya. Zan manne katako da gam, abin da nake matse katakon da shi kuma ya ɓata."

Na bi su, don ni ba na son a ba ni labari. Da Malama ta ga Doguwa sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ya shafa gam, ya haɗa ɓangarorin biyu, ya ce, "'Yata, riƙe nan. Malama, ke nan. Ku matsa da ƙarfi. Wadda ta saki kafin minti ashirin, aikin ya lalace." Ya koma gefe yana fere wata ƙafar kujera, ni kuma na zauna a kan wani akwati.

Minti ashirin da yawa ne in kana fuskantar wanda ba ka son gani. Malama ce ta fara magana.

"Ban sani ba. Da na sani da ban faɗa ba."

Doguwa ta daɗe tana kallon yatsan da aka naɗe da bandeji. Ta ce, "Ita take zama kusa da ni in ina aikin gida. Ba ta iya lissafin ba, zama kawai take yi. Yanzu in na buɗe littafin sai in kasa."

"To ki riƙa zuwa ki yi a gabana bayan an tashi. Ni ma zama kawai zan yi."

"Yatsan yana ciwo, Malama?"

"Sosai."

"Ki yi haƙuri."

Baba Kafinta ya ce, "Ku bar surutu, kuna karkata min katako."

Ya rubuto cewa tebur ya gyaru. Shugaba ta je ta jijjiga shi da kanta, ta dube shi ta ce, "Kai dai ba ka taɓa ganin abin da ba ya gyaruwa ba." Ya ce, "Ranki ya daɗe, na gani, amma ba wannan ba." Aka dakatar da Doguwa mako biyu, ta dawo ta zana jarrabawarta a kan teburin nan. Ta ci lissafi da ƙyar. Malama ba ta sake tambayar takardarta ba, ni ma ban tuna mata ba. Daga ranar kuma Shugaba ta sa duk sabon malami ya zauna da ni in faɗa masa yaran da ke cikin wani hali, kafin ya taka aji.

Ba kowa ya ceta ba. Akwai yaron da ya gyara kujera da safe ya doki ɗan ajinsu da ita da rana, aka kore shi, kuma daidai ne.

Yanzu idonsa ya yi rauni, yana zaune wajen babbar 'yarsa. Malama, wadda har yau take koyarwa a can, ita ta kai ni gaishe shi watan jiya. Na tambaye shi ko ya taɓa samun abin matse katakon nan da ya ɓata.

Ya ce, "Ai guda huɗu gare ni, Sakatariya. Suna cikin akwatin da kika zauna a kai ranar nan."