Ƙeyar Baya-Baya

Shekara ashirin da biyu yayana ya yi yana tuƙa ƙaramar motar ɗaga kaya a wani ƙaton sito. In ya loda kwalaye ba ya ganin gabansa, sai dai ya juya wuya ta dama ya tafi da baya, tun daga bakin ƙofa har ƙuryar sito. Shi ya sa abokan aiki suke ce masa Baya-Baya. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma in ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Ba mai yawan magana ba ne, don haka mun daɗe ba mu san halin da yake ciki ba. Ciwo ne daga ƙeya yake tasowa, ya harba sama kamar an jona masa wayar wuta, ya tsaya a bayan idon dama. Hular kwanon aiki ta gagare shi. Mataji ma ya gagara. Filo kuwa ya sauya huɗu.

Ƙwayoyi ya sha har cikinsa ya fara ƙuna. Aka ce ido ne, ya yi tabarau. Aka ce haƙori ne, aka cire masa turmi guda lafiyayye.

"Saura a cire kan gaba ɗaya," in ji shi, ranar da ya dawo da auduga a baki. Matarsa ba ta yi dariya ba.

Ni na raka shi asibiti wajen likitar jijiyoyi. Ta gama saurarensa, ta zagaya bayansa, ta danna babban yatsa a gindin ƙeya. Yaya ya zabura har kujera ta faɗi.

"Nan ne," ta ce. "Akwai jijiyar da ke hawa daga wuya zuwa tsakar kai. Naman wuyanka ne ya matse ta."

"Yanka za a yi?"

"Ba yanka. Allura za mu yi a gefen jijiyar, ta kwantar da ita. Amma gaskiya zan faɗa maka, ba lallai ta ɗore ba. Wani wata uku, wani sati biyu."

Ya kifa goshi a kan tebur, aka goge wurin, aka soka. Ko minti goma ba a yi ba. A hanyar gida ya jingina kai da kujerar mota a hankali, kamar mai tsoron kar wani abu ya fashe. Can ya ce, "Ƙanwata, ashe haka mutane suke ji."

Sati bakwai ya samu. Ciwon ya dawo masa da rana tsaka, yana cikin juya mota. Allura ta biyu ta ba shi sati biyar, ta uku ko wata ba ta cika ba. Kowane zuwa sai ya nemi izini a wurin aiki, ya zauna a dogon benci yana kallon fanka, ya maimaita bayanin da ya riga ya gaji da yi.

Daga baya likitar ta yi masa wani aikin daban: siririyar allura mai ɗumi a tsininta, wadda ke kashe kaifin jijiyar na wasu watanni. Harbin ya tsaya. Sai dai wurin ya zama dundum, ko ya sosa ba ya ji.

"Muddin kana juya wuyan nan yini guda, zai dawo," ta gaya masa.

Ya roƙi shugaban sito a ƙara wa motar manyan madubai. Aka ce za a duba. Wata biyu ana dubawa. Ƙarshe shi da kansa ya ajiye makulli, aka mayar da shi bakin ƙofa yana nuna wa direbobi inda za su sauke kaya.

Na leƙa shi satin da ya wuce. Yana tsaye a inuwar bango, rigar aiki ta yi masa yawa. Na tambaye shi jiki.

"Da sauƙi," ya ce. "Yanzu kuma ƙafa ce. Tsayuwa ba wasa ba."

Wata babbar mota ta danno kai, ya ɗaga mata hannu, ya ce in gaida yara.