Kalmomin da Yayana Ya Shiga Jirgi da Su

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, sai muryar wata mace ta fito daga wayar jikana. Ta faɗi wata kalma da Ingilishi, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: agwa. Yaron ya maimaita. Agwa. Hannuna ya tsaya cak a cikin tire.

Ni ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko. Ko sunana aka rubuta a jikin bango, wucewa zan yi ban san da ni ake ba. Amma na san agwa ruwa ne a bakin mutanen Sifen. Na sani tun haƙoran gabana ba su gama fitowa ba, kuma ban so in sake jin kalmar nan a gidan da nake kwana ba.

A nan unguwar Ajame ta Abijan aka haife ni, cikin gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Tsakar gidan yashi ne, kuma shararsa kowace safiya aikina ne. Baba mutumin Adar ne, fataucin goro ya kawo shi Abijan, ya zauna. Gidanmu kullum ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro yake yi, in ban da ɗakin Yaya. Can ƙarnin kifi ne.

Yaya ya ƙi goro. A Tireshbil yake aiki, tashar jiragen kamun kifi, inda suke sauke manyan kifaye daskararru daga jiragen Sifaniyawa. Garin da ba a san sanyi ba, shi da wando biyu yake fita, ya sa safa a hannu. Da yamma ya dawo yatsu sun tsattsage, da gutsuren kifi a ƙunshe, Inna ta soya mana mu ci da aceke, dambun rogon mutanen nan.

A can ya gamu da wani matuƙi mutumin Gana. Yaya ya taɓa zama a zangon Kumasi, yana ɗan taɓa Ingilishi. Sai ya faɗi kalma da Ingilishi, ɗan Gana ya juya masa ita da Sifaniyanci. Da yake Yaya bai iya rubutun boko ba, ni ya mayar allonsa.

"Kan yaro ba ya yoyo," in ji shi. "Riƙe mini."

Bayan la'asar mu zauna a bayan madafa. In ce masa, "Ina kwana?" ya ce, "Buwenos diyas." In ce, "Na gode," ya ce, "Girasiyas." Don Allah, for fabor. Burodi, fan. Gobe, manyana. In ya kuskure, ni ke ranƙwashinsa, ƙaton saurayi ya sunkuyo da kai ina kai masa, yana cewa malamarsa ba ta da imani. Ban taɓa jin daɗin wani wasa kamar wannan ba.

Da babbar damina ta kama, wadda ruwa ke kwana uku bai ɗauke ba, lambatun Ajame su cika su shigo ɗaki, sai kalmomin suka sake. Agwa. Tengo ambare, ina jin yunwa. Firiyo, sanyi. Tarabaho, aiki. Ayuda, a taimaka. Ta ƙarshe doguwa ce, mun yi mako muna fama da ita: abre la fuwarta, buɗe ƙofa. Da babba ya ji jerin nan, da ya gane inda aka dosa. Ni yarinya ce, ranƙwashina kawai nake jira.

To, akwai wata al'ada da Inna ta taho da ita daga gida. Duk ranar da Baba zai bi motar goro zuwa arewa, yana fita sai ta durƙusa ta ɗebi yashin sawunsa na dama, ta ƙulle a tsumma, ta sa ƙarƙashin randa. Ta ce ƙafar da aka riƙe sawunta sai ta dawo ta nema. Baba yakan ce wannan ba ya cikin littafi, amma bai taɓa hana ta ba, kuma kullum yana dawowa. Yaya ya san da wannan sarai.

Wata safiya, an idar da asuba, ruwa ya ɗauke, yashi ya jiƙe yana kama sawu kamar laka. Na fito da tsintsiya na tarar da Yaya a tsaye da wandonsa biyu, da kwalbar ruwa, da ƙullin garin rogo da sukari. Ya tsuguna a gabana.

"Buɗe ƙofa?"

Na ce, "Ni ke tambaya, ba kai ba."

Ya yi dariya, ya faɗa daidai. Sannan ya ce, "Ƙanwata, yau ki share daga ƙofar ɗakina har bakin titi, ki share da kyau. In an tambaye ki, ba ki gan ni ba. Kwana uku kawai. Ran na huɗu ki faɗa wa Inna na tafi Sifen, zan aiko mata da zanen da babu irinsa a kasuwar Ajame."

Na share. Na bi sawun ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙofarsa har titi. Da Inna ta fito ta dubi tsakar gida ta ce, "Yau kam 'yata ta yi shara irin ta manya. Allah Ya yi miki albarka." Albarkar nan har yau tana nan a maƙogwarona.

Masu ɓuya a jirgi suna da ƙa'idarsu, daga baya na ji. Sai an yi kwana uku a teku suke buga ƙofa, lokacin jirgi ya yi nisan da ba zai juyo ya sauke su ba. Kwana ukun da ya ɗora mini ke nan. Baba ya zaga ofishin 'yan sanda, ya zaga asibiti har ɗakin gawa. Inna ta daina cin abinci. Ni ina ci, ina ƙirga kwanaki da yatsu a ƙarƙashin zane, ina ganin kaina mai riƙon amana.

Ran na huɗu na faɗa. Inna ba ta doke ni ba. Ta fita tsakar gida ta durƙusa, tana rarrafe tana duba yashi, ko sawu ɗaya ya tsira. Sau huɗu na share wurin.

Baba ya tafi Tireshbil ya nemo ɗan Gana. Abin da ya dawo da shi a tsaye ya faɗe shi, bai ko cire takalmi ba. Jirgin da ya tashi a ranar, mai kai kifi Sifen ne. Ramin da ake loda kifin, muddin ana aiki a buɗe yake, sanyinsa mai jurewa ne, wannan kaɗai Yaya ya sani. Amma in an rufe aka kunna injin, ba a sake buɗewa sai an isa, kuma bangonsa kauri ne da shi, ko guduma aka buga ba a ji. Ɗan Gana ya ce da an zo a ranar farko, da ofishin tasha ya kira jirgin ta rediyo an duba.

Baba bai kalle ni ba da ya faɗi wannan. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Gawa ba ta zo ba, wasiƙa ba ta zo ba. Da shekara ta zagayo Baba ya tara malamai aka yi sadaka, Inna ta ƙi taɓa masar sadakar. Ni kuwa na san abin da su ba su sani ba. Na san abin da Yaya ya faɗa a cikin ramin nan, kuma na san bai kuskure ko ɗaya ba, don ni na koya masa har suka zauna. Firiyo. Ayuda. For fabor. Abre la fuwarta.

Shi ya sa da matar cikin wayar ta sake magana, jikana ya tsaya yana lalube a kan "ayu", na riga shi ƙarasawa. Na ce, "Ayuda."

Ya zaro ido. "Kai, amarya, ashe kin yi Turai ba mu da labari?"

"Maigida, me za ka yi da yaren nan?"

"Na lakwal ne, Kaka."

"Lakwal ɗin da ka bari tun bara waccan?"

Ya ce in bar shi da tsufana, ya sa wayar a aljihu. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya, ya ce kada in faɗa wa babansa, magana ce tsakanin miji da mata. Ya yi murmushi, haƙoransa irin na Yaya.

Ban jira ko magariba ba. Na aika aka kirawo ubansa daga shago, na faɗa masa a gaban yaron. Aka ɗaga katifar yaron, aka sami jaka a ɗaure da rigar sanyi, da sunan wani mai kai mutane Maroko. Uban ya ƙwace fasfo. Yau wata biyu ke nan jikana bai gaishe ni ba. In ya zo wucewa sai ya kau da kai. Na yarda. Ina jin tarinsa ta bango, ya ishe ni.

Amma na san fasfo ba ya tsare mai tafiya. Yanzu ba a ɓuya a ramin kifi, hamada ake bi, a hau kwalekwale, kuma waya ta maye gurbin ƙanwa, ba mai riƙe wa kowa kalma balle ya san abin da ake shiryawa. Tsakar gidanmu ma mai gida ya malale shi da siminti tun tuni, ko giwa ta taka ba za ta bar sawu ba.

Sai na roƙi magina da ke aiki a bayan layinmu bokiti ɗaya na yashi, na baza a ƙofar ɗakin jikana. Matan gidan suna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Su faɗa. Na hana kowa kai tsintsiya wurin, kuma kowace safiya, in ya fita, ina lallaɓawa da sandata in durƙusa in ɗebi na dama.